Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Launin Firaima da Fentin Tushe a Ƙananan Motocin Haɗawa

Motocin da ake magana a kansu a nan su ne waɗanda ake sayarwa cikin kwali sassa-sassa, mutum ya yanke kowane sashe, ya manna da gam, ya yi fenti da hannunsa har abin ya fito kamar motar gaske da aka ƙanƙantar. Yawancinsu na filastik ne a ma'aunin 1/24, wato santimita 1 a jikin ƙaramar yana daidai da santimita 24 a jikin babbar. Kamfanonin Japan irin su Tamiya, Aoshima, Fujimi da Hasegawa sun fi yin wannan ma'auni, na Amurka irin su AMT sun fi son 1/25, motocin tseren Formula 1 kuwa an fi samun su a 1/20. Duk amsoshin da ke ƙasa sun ginu ne a kan abu ɗaya: launin da aka shimfiɗa a ƙasa yana cikin launin da ido zai gani a ƙarshe, saboda haka daga launin ƙarshe ake fara lissafi a dawo baya.

Mene ne bambanci tsakanin firaima da fentin tushe?

Firaima ita ce shafin farko da ke hawa kan filastik kai tsaye. Aikinta uku ne: ta kama jikin filastik domin fentin da zai biyo baya ya sami abin riƙewa, ta cike ƙananan ƙarce da samfefa ta bari, sannan ta mayar da jikin motar launi guda marar sheƙi wanda duk wani aibi zai fito fili a kansa. Fentin tushe kuwa ana nufin abu biyu da shi. Wani lokaci shi ne ainihin launin motar, wanda za a rufe da kiliya, wato fenti marar launi mai ba da sheƙi. Fentin Zero Paints na Ingila, alal misali, bushewa yake yi ba sheƙi, sai an bi shi da kiliya. Wani lokaci kuma launi ne da ake sakawa tsakanin firaima da launin ƙarshe don ya sauya yadda na saman zai fito, kamar ruwan azurfa a ƙarƙashin ja mai ratsuwa, wato jan da haske ke ratsa shi kamar gilashi, ko baƙi mai sheƙi a ƙarƙashin kurom, wato launin ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi. Ma'anonin biyu duk za su zo a nan, kuma wurin zai nuna wadda ake nufi.

Dole ne sai an sa firaima?

Ba dole ba ne a kowane hali. Idan jikin motar fari ne tas daga kwali, ba a shafa fila, wato abin cike rami, a ko'ina ba, kuma fentin da za a fesa na ƙananan motoci ne irin jerin TS na Tamiya, ana iya fesawa kai tsaye bayan an wanke jikin da ruwan sabulu, kuma wasu gwanaye haka suke yi don kada layukan ƙofa su cike. Amma da zarar an goge layin da injin zubi ya bari a kan madigadi, ko an cike wani rami, ko an manna bamba mai wani launi daban, to firaima ta zama wajibi. Haka nan idan jikin na rezin ne, wato wata roba mai tauri da ake zubawa a mazubi, ko na ƙarfe, ko kuma fentin na manyan motoci ne. Ga wanda bai daɗe da farawa ba, shawarar ita ce ya sa.

Me ya sa launin ƙasa yake bayyana alhali an rufe shi da fenti?

Saboda fenti ba bango ba ne, haske yana ratsa shi ya taɓa abin da ke ƙasa ya dawo. A motar gaske, kaurin fentin da ke fitowa daga masana'anta, daga firaima har kiliya, yawanci bai fi kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin goma na milimita ba. Idan aka ɗora irin wannan kauri a kan motar 1/24, daidai yake da a ce an lafta wa babbar mota fenti mai kaurin sama da milimita 2. Nan take layukan ƙofa, rubutun sunan mota da ke bayan but, da bakin hannun ƙofa za su nutse. Don haka mai ƙaramar mota ba shi da damar ya yi ta ƙara shafi har ƙasa ta ɓace. Dole fentinsa ya kasance siriri, siririn fenti kuwa yana nuna abin da ya rufe, kamar farar riga shara-shara da aka ɗora a kan baƙar singileti.

Sannan launuka ba ƙarfinsu ɗaya ba wajen rufewa. Baƙi, ruwan azurfa, ruwan toka da shuɗi mai duhu suna rufe ƙasa da shafi biyu. Ja, rawaya da ruwan lemo su ne raunana, domin garin launin da ake haɗa su da shi yana barin haske ya wuce. Fari yana da wata matsala ta daban: garinsa yana da ƙarfi, amma ido yana gane ɗan duhun da ya rage a cikinsa fiye da yadda zai gane a kowane launi. Wanda ya san wannan rabe-rabe ya riga ya amsa wa kansa rabin tambayoyin da suka rage.

Idan firaima guda ɗaya zan iya saya, wacce zan ɗauka?

Ruwan toka mai haske. Babu wadda ta kai ta nuna aibi, domin inuwar ƙarce tana fitowa a kanta sarai, alhali a kan fari ƙarcen ɓuya yake yi sai bayan an fesa launi mai sheƙi ya bayyana, lokacin da gyara ya yi tsada. Tana dacewa da shuɗi, kore, ruwan azurfa, baƙi, ruwan ƙasa da yawancin launukan da ba su da tsananin haske. Koren tseren Ingila, irin TS-9, a kanta yake samun nauyin da aka san shi da shi.

Hanyar da ta fi inganci ga launuka masu haske ita ce a yi aiki da firaima biyu. A fara da ruwan toka don bincike: a fesa siriri, a duba ƙarƙashin fitila, a gyara, a goge da samfefa mai lamba 1000 ko 1500. Idan jiki ya yi sumul, sai a bi da fara ko ruwan hoda don launi. Shafin ruwan tokan ya zama kaɗan, domin yawancinsa zai tafi wajen guga.

Zan yi jar Ferrari. Fara, ruwan toka ko ruwan hoda?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma a nan ne zaɓen firaima yake nuna kansa ƙarara. Jan fenti guda, a ce TS-8 da ake kira jan Italiya, idan aka fesa shi a kan ruwan toka zai fito da duhu da ɗan dauɗa, ya karkata zuwa launin jan bulo, musamman a inuwa. A kan fari zai fito da haske da kaifi, amma yana da wani aibi da sai an matso kusa ake gani: jiƙaƙƙen fenti yana gudu daga kaifafan gefuna ya taru a kwari, don haka bakin ƙofa, kaifin madigadi da gefen bonet sukan fito da wani siririn layi mai haske inda farin ya leƙo, cikin layukan ƙofa kuma jan ya yi duhu. Mai fenti sai ya ga ya ƙara shafi don ya rufe gefunan, daga nan kauri ya fara.

Ruwan hoda ita ce ta raba gardama. Tana da hasken da zai sa jan ya haskaka, kuma tana da jan da zai hana gefuna yin fari. Tamiya na sayar da firaima ruwan hoda a jerin Fine Surface Primer musamman don jajayen motoci, amma ba sai an saye ta ba: wanda yake da ƙaramar bindigar feshi yana iya ɗiga ja kaɗan cikin farar firaima ya samu abin da yake so, muddin fentin biyu nau'insu ɗaya ne. A ganina, ga kowace jar mota ta zamani ruwan hoda ce zaɓin farko, fari na biyu.

Ruwan toka tana da wurinta ko a nan. Tsofaffin motocin tsere na shekarun 1950 da motocin alfarma masu ja mai duhu da ya kusa ruwan hanta sun fi kyau a kanta, ko a kan firaima mai launin jan tsatsa. Abin da ake nema a irin waɗannan shi ne zurfi, ba ƙyalli ba.

Akwai kuma jan da ba ya karɓar komai sai fari tas, shi ne ja mai walƙiya irin na McLaren MP4/4, motar da Ayrton Senna da Alain Prost suka ci tsere 15 cikin 16 da ita a 1988. Fentin da ake amfani da shi, TS-36, ratsuwa gare shi ƙwarai, kuma duk walƙiyarsa daga farin da ke ƙasa take dawowa. Akan fesa dukan jikin da fari mai sheƙi, a rufe wuraren da za su zauna farare da tef, sannan a fesa jan. Shafin kiliya na farko a kansa ya zama raɓa-raɓa, domin jiƙaƙƙen shafi yana iya narkar da jan ya ja shi cikin farin. Irin wannan launi kuma yana koɗewa idan aka ajiye motar inda rana ke dukanta.

Rawaya da ruwan lemo fa?

Rawaya ce mafi rauni duka. A kan ruwan toka takan karkata zuwa kore-kore marar daɗin gani, kuma ƙarin shafi ba ya warkar da ita sai an kashe layukan jikin. Fari ne tushenta. Rawaya mai ɗumi, irin TS-34 da ake yi wa Lotus 99T ta 1987, tana karɓar ruwan hoda mai haske ƙwarai idan ana son ta karkata zuwa launin ƙwanduwa, amma rawaya mai sanyi irin ta lemun tsami fari kawai take so. Ruwan lemo yana fita da kyau a kan fari, a kan ruwan hoda, ko a kan siririn shafin rawaya.

Ina son farar mota, amma jikin da ke cikin kwalin ja ne. Yaya zan yi?

Kamfanoni sukan zuba jikin motar da launin da ke kan kwali don wanda ba zai yi fenti ba, kuma wannan yakan zama wahala ga wanda yake son wani launi. Idan aka fesa fari kai tsaye a kan jan filastik, yakan fito ruwan hoda. Masu sana'ar sun rabu kan dalili: wasu sun ce tina ce take jawo rinin filastik ya hauro, wasu sun ce haske ne kawai yake ratsa farin ya dawo da jan. Maganin dai ɗaya ne, a gina shinge. A fesa ruwan toka, ko mafi kyau siririn shafin ruwan azurfa, domin ƙananan ɓarɓashin alminiyam da ke cikinsa kwanciya suke yi su tare hanya. Bayan ya bushe sai a bi da farar firaima, ko da Mr. Base White 1000 wanda aka yi shi don rufe launi mai duhu, sannan farin ƙarshe irin TS-26. Duk shafukan farko su zama busassu-busassu; jiƙaƙƙen shafi shi ne yake tayar da abin da ke ƙasa.

Yana da kyau a fesa cikin jikin ma, domin idan aka ɗaga farar mota a gaban taga, jan da ke ciki yana iya haskowa ta siraran wurare.

Yaushe baƙar firaima take da amfani?

A wurare uku. Na farko a shasi, injin da cikin madigadi, inda baƙar firaima irin Mr. Finishing Surfacer 1500 takan zama fentin ƙarshe da kanta, kuma duk lungun da feshin launi bai kai ba sai ya zama inuwa maimakon ya bar filastik tsirara. Na biyu a ƙarƙashin launuka masu ƙyallin ƙarfe idan ana son su yi duhu da zurfi. Shuɗin Subaru Impreza ta gasar tseren motoci ta duniya ta WRC, TS-50, misali ne mai kyau: a kan baƙi yakan yi duhu ya kusa shuɗin dare, a kan ruwan toka mai haske ko azurfa kuma ya fi kusa da yadda ake ganin motar a hotunan rana. Wanda yake son kwaikwayon motar gasar ya bi na biyun.

Na uku shi ne kurom, kuma a nan ba firaima ake nufi ba, fentin tushe baƙi mai tsananin sheƙi ake nufi. Fenti irin Alclad II na kurom ƙura-ƙura ake fesa shi, da iska mai rauni, a kan baƙin da ya yi santsi kamar madubi, kuma baƙin da ke leƙowa ta tsakanin ƙwayoyin ƙarfen shi ne yake ba ido zurfin da yake ɗauka kurom ne. Idan baƙin bai yi sheƙi ba, ko aka cika feshin, abin da za a samu ruwan azurfa ne kawai. Aikin bamba da gilasan gefe duk a wajen goge baƙin yake ƙarewa.

Baƙar mota kuwa ba lallai a yi mata baƙar firaima ba. Ruwan toka ta fi, domin ana ganin inda baƙin ya rufe da inda bai rufe ba. Amfanin baƙar firaima a nan shi ne idan guga ta ci gefe, ba za a ga fari ya leƙo ba.

Mene ne fentin kandi, kuma wane tushe yake buƙata?

Salo ne da ya fito daga masu ƙawata motoci na Kalifoniya a shekarun 1950, kuma Joe Bailon ne aka fi danganta jan kandi da shi. Ana shimfiɗa fenti mai ƙyallin ƙarfe, a bi shi da launi mai ratsuwa kamar gilashi, sannan kiliya. Haske yana shiga ta cikin launin, ya bugi ƙarfen, ya sake fitowa ta cikin launin, shi ya sa ake ganin kamar ana leƙa cikin fentin. Jan Soul Red Crystal na motocin Mazda na yanzu a kan wannan dabara ta shafi uku aka gina shi.

A ƙaramar mota, tushen shi ne rabin launin. Ja mai ratsuwa irin X-27 na Tamiya a kan azurfa yana ba da ja mai sanyi da haske. A kan ruwan zinare yana ba da ja mai ɗumi da nauyi, wanda ya fi kama da na tsofaffin motocin Amurka. A kan azurfa mai duhu kuma ya koma ruwan hanta. Shuɗi mai ratsuwa azurfa yake so, domin a kan zinare kore yake komawa. A nemi azurfa mai laushin ƙwaya, irin TS-30, saboda ƙwayar da ta yi daidai a babbar mota a 1/24 kamar tsakuwa take fitowa.

Wahalar kandi ita ce kowane shafi yana ƙara duhu, kuma babu komawa baya. Inda feshi biyu suka haɗu sai layi ya fito. Don haka ana tsinka launin sosai, a yi shafuka da yawa sirara, hannu yana tafiya daga gaban mota zuwa bayanta ba tsayawa.

Launin lu'ulu'u ɗan'uwansa ne a wannan fanni. TS-45, farin lu'ulu'u, ba ya rufe komai da kansa, sai an shimfiɗa masa fari mai sheƙi tukuna.

Me lambobin 500, 1000, 1200 da 1500 da ke jikin firaimar Mr. Surfacer suke nufi?

Laushin ƙwayar firaimar ne: lamba tana hawa, ƙwaya tana ƙara laushi. Ta 500 mai kauri ce, da buroshi ake ɗiga ta a kan rami ko tsaga, ba a fesa wa dukan jiki. Ta 1000 da 1200 su ne na aikin yau da kullum. Ta 1500 ba ta cike komai sosai, amma ita ce take barin fuska mafi santsi, don haka ita ta dace da shafin ƙarshe kafin launi mai sheƙi.

Ta yaya zan san yadda launi zai fito kafin in taɓa motar?

Da cokulan roba farare, irin na cin abinci a biki. Bayan cokali yana da lanƙwasa kamar madigadi, kuma da yawansu da irin filastik ɗin motocin ake yin su, don haka suna nuna launi, suna kuma nuna ko fentin zai ci filastik. A ɗauki huɗu: ɗaya a yi masa fari, ɗaya ruwan toka, ɗaya ruwan hoda, ɗaya baƙi. A jera su a kan kwali a kafe da tef, a fesa musu launin a lokaci guda da adadin shafi guda, a rubuta a jikin mariƙin kowanne abin da aka sa da yawan shafin. Idan sun bushe a rufe rabin kowane cokali a yi wa ɗaya rabin kiliya, domin kiliya tana ƙara wa launi duhu da zurfi, kuma fentin da ya bushe ba sheƙi yana yaudarar ido.

Sannan a fita da su waje. Fitilar ɗaki, musamman farar fitila mai sanyin haske, tana sauya ja da rawaya. A duba su da hantsi, a duba a inuwa, a juya su a ga gefen cokalin, domin a gefen ne za a gane ko tushen zai leƙo. Kada a zubar da cokulan bayan an gama. Tarinsu ya fi duk wani jadawalin launi da ke kan allon waya gaskiya.

Motar tana da launi biyu. Wanne zan bi wajen zaɓen firaima?

A bi mafi rauni. Ford GT40 mai launin Gulf, wadda ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1968 da 1969, shuɗi ce mai haske da ratsin ruwan lemo, kuma launukan biyu duk fari suke so. Inda aka haɗa mai haske da mai duhu, ana yi wa dukan jikin firaimar mai hasken, a fesa shi tukuna, a rufe da tef, sannan mai duhun ya hau. Idan ratsin sitika ce ta cikin kwali, a lura cewa fararen sitika da rawaya sau da yawa sirara ne, kuma launin da ke ƙasa yana ratso su. Idan farin da'irar lamba zai faɗa a kan iyakar launi biyu, gara a fesa fari a wurin kafin a manna.

Na fesa bonet daban da jiki, sai launinsu ya bambanta. Me ya jawo?

Ko dai tushensu ba ɗaya ba ne, ko yawan shafin ba ɗaya ba ne. Ƙaramin sashe da aka riƙe shi kaɗai yakan sha fenti fiye da jiki, kuma a launi mai ratsuwa ko mai ƙyallin ƙarfe wannan ya isa ya raba su. A kafe bonet, but da bamba a mazauninsu da tef ta ciki, a fesa launin a tare. Kafin nan a tabbatar firaimar ta rufe ko'ina daidai, domin tabon fila da ke leƙowa a ƙarƙashin firaima zai leƙo a ƙarƙashin ja. Sassan ƙarfe suna buƙatar tasu firaimar, irin Mr. Metal Primer wadda ba ta da launi, kafin ta gama-gari ta hau. Rezin kuma sai an wanke maiƙon da aka cire shi da shi daga mazubi, in ba haka ba firaima za ta ƙi kama shi.

Kowane fenti yana hawa kan kowace firaima?

A'a. Fentin ƙananan motoci iri uku ne: lakka mai tina mai ƙarfi da saurin bushewa, kamar TS da Mr. Color, inamel mai jinkirin bushewa, da akirilik, wanda ake tsinka shi da ruwa ko da sinadari mai sauƙi. Ƙa'idar ita ce mai ƙarfi a ƙasa, mai sauƙi a sama. Firaimar lakka tana karɓar duka ukun. Lakka a kan inamel kuwa takan tattare shi ya yi ƙuraje. Firaima mai ruwa irin ta Vallejo ba ta da wari sosai, amma idan ba ta bushe sarai ba ɓarewa take yi kamar fata a ƙarƙashin samfefa maimakon ta zama gari, shi ya sa masu jikin mota suka fi karkata ga ta lakka. Wanda zai fesa lakka ya yi a wuri mai iska, da takunkumi mai tace tururin sinadari. Na tsumma ba ya tare shi.

A inda nake ba a samun waɗannan kayan. Zan iya amfani da firaimar manyan motoci?

Gwangwanayen feshi suna cikin kayan da ake taƙaita ɗaukarsu a jirgin sama, don haka ko an yi odar motar daga waje, fentin yakan gagara zuwa. Firaimar gwangwani ta manyan motoci tana iya aiki, da sharaɗi biyu. Tinarta ta fi ƙarfi, kuma jiƙaƙƙen shafi yana iya cin filastik ya bar shi da ƙananan tsage, don haka shafuka biyu ko uku na farko su zama ƙura-ƙura daga nisan kamar santimita 25, da ɗan jira a tsakani. Na biyu, a guji mai kauri da ake yi don cike ƙarcen fila, domin za ta binne layukan ƙofa. A gwada a cokali da kuma a guntun firam ɗin da sassan suka fito daga jikinsa, tunda shi ne ainihin filastik ɗin motar.

Yanayi ma yana shiga cikin lissafi ga mai aiki a ƙasar Hausa. Da bazara, zafi yana busar da feshi a iska kafin ya sauka, firaima ta fito da kaushi kamar yashi. Sai a matso kusa kaɗan, a yi aiki da sassafe. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kuma a kan farar firaima kowace ƙwaya fitowa take, don haka a tanadi robar ajiya mai murfi a kifa a kan jikin da zarar an gama feshi. Da damina kuma laima tana sa lakka ta yi hazo-hazo fari, wanda a kan baƙin tushe na kurom ɓata aiki ne gaba ɗaya. Kada a bar gwangwani a rana ko cikin mota a rufe.

Na riga na fesa ja a kan ruwan toka, kuma ya yi duhu. Akwai gyara?

Ƙarin ja ba zai haskaka shi ba, sai dai ya ƙara kauri. Idan shafi ɗaya ko biyu aka yi, a bar shi ya bushe kwana biyu, a goge da samfefa 1500 da ruwa, a fesa siririyar farar firaima. Jan da ke ƙasa zai mayar da ita ruwan hoda da kansa, sai a sake launin a kai. Idan fentin ya riga ya yi kauri har layukan ƙofa sun fara cikewa, wankewa ta fi. Ana jiƙa jikin cikin sinadarin isofurofil mai ƙarfi a cikin roba mai murfi, a riƙa dubawa, a goge da tsohon buroshin haƙori. Yana cire akirilik da sauri, lakka kuma sai an ba shi lokaci. Kada a kusantar da tinar manyan motoci ko asiton, domin narkar da filastik suke yi. Gilasan motar a ajiye su gefe kafin a fara, jikin kuma a wanke shi da sabulu, a bi layukan ƙofa da tsinin allura a fitar da ragowar fenti kafin sabuwar firaima ta hau.